Tambaya da Amsa: Ciniki Na Tafiya, To Ina Kuɗin Suke Shiga?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru sosai, sai na tsamo guda shida waɗanda na ga kaman ciwo ɗaya ne ke damun masu su duk da sana'o'insu daban daban ne, wato mutum yana kallon kuɗin da ke hannunsa yana ɗauka shi kenan ya san inda ya tsaya, alhali akwai wasu kuɗin da ke zirarewa ba a ganin fitarsu. Lambobin da zan kawo duk na misali ne, kowa ya sa sunan kuɗin da yake ciniki da shi.

TAMBAYA: Slm Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah ka taimaka min da shawara wlh abin ya ɗaure min kai. Shekara biyu kenan ina saye da sayarwa kuma Alhamdulillah ciniki ba laifi, kullum kaya na fita, amma duk ranar da zan je sari sai in ga kuɗin basu kai ba, wani lokacin ma har sai na ranto. Bana almubazzaranci, kuma yarinyar da ke tayani na gwada ta ba sau ɗaya ba, bata ɗauka. To ina kuɗin suke shiga? Daga 'yar'uwarka mai ƙaramin jari.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Na ji daɗi da kika wanke yarinyar nan tun da wuri, don sau da yawa yaran shago ake fara zargi alhali matsalar tana cikin littafi, ko in ce rashin littafin.

Abu na farko da nake so ki riƙe shi ne ciniki daban, riba daban, kuɗin da ke hannu kuma daban. Mu ɗauka kin saro kaya na 1,000,000 kin sayar da su duka a wata ɗaya kan 1,200,000. A ido kin ci 200,000. To amma a cikin cinikin nan na 300,000 bashi aka ɗauka ba a biya ba tukuna, kenan abin da ya shigo hannunki 900,000 ne. Haya da wuta da kuɗin mota da ladan yarinya sun ci 80,000, ke kuma kin ɗebi 100,000 kaɗan kaɗan kin yi hidimar gida, yau dubu biyu gobe dubu biyar ba ki ma lura ba. Ranar sari abin da za ki ƙirga 720,000 ne, kayan kuma na 1,000,000 kike so ki sake ɗaukowa. Kin ga inda rancen ya fito.

Kuma fa ba faɗuwa kika yi ba a wannan lissafin. Ki haɗa 720,000 da ke hannunki da 300,000 da ke hannun mutane, 1,020,000 kenan, jarinki ya ƙaru da 20,000. Matsalar ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na jarin yana zaune a aljihun wasu yana musu aiki kyauta, ke kuma kina zuwa kina ranto wani. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ban ce ki daina bayarwa ba don akwai kwastoman da in ba ki ɗaga masa ƙafa ba ba zai dawo ba, amma sai kin sa masa iyaka da ranar biya, ki kuma san jimillarsa ko da tsakar dare aka tashe ki.

Akanta suna auna wannan abin da kwanaki. Kwana nawa kaya ke yi a wurinki kafin su fita, kwana nawa masu bashi ke yi kafin su biya, sai a cire kwanakin da dilan da kike sari a wurinsa yake ɗaga miki. In kaya na yin kwana 20, masu bashi na yin 30, dila ya ba ki 10, to akwai kwana 40 da kuɗinki ya fita bai dawo ba, kuma dole wani abu ya cike wannan ramin. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne idan ciniki ya ƙaru ramin ma ƙaruwa yake, shi ya sa za ki ga sana'a tana bunƙasa kowa na yabawa kwatsam sai a ji ta tsaya, ga riba a takarda amma babu na biyan dila. Duk kwana ɗaya da kika rage a cikin 40 ɗin nan kaman an ƙara miki jari ne. Kayan da suka yi kwantai ma ki saka su a wannan sahun, kuɗi ne ke kwance a kan kanta, gara ki karya farashi su fita ki juya kuɗin.

Sai maganar kuɗin gida. Ki yanka wa kanki albashi, ko nawa ne, ki ɗauka sau ɗaya a wata ko a sati ki rubuta, daga nan hannunki ya fita daga kuɗin sana'a. In kin ɗauki kaya don amfanin gida ki biya kaman kowa. Na san da wuya, musamman ga uwa da yaro zai zo ya tsaya mata a gaba da buƙata, amma in ba a raba aljihun biyu ba har abada ba za ki san ko sana'ar ce ke ciyar da gida ko gidan ne ke cinye uwar kuɗi ba.

Littafin kuma ba sai mai wahala ba. Tsarin da manyan kamfanonin duniya ke bi har yau wani malamin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ne ya fara buga bayaninsa a littafi a shekarar 1494 a birnin Benis, kuma shi ma ba shi ya ƙirƙiro ba, abin da 'yan kasuwar wurin suka daɗe suna yi ne ya tsara. Gundarinsa shi ne duk kuɗin da ya motsa a rubuta shi sau biyu, daga ina ya fito kuma ina ya tafi. Ke dai ki samu littafi ki ware shafin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, shafin waɗanda kike bi, shafin waɗanda ke bin ki. Ƙarshen wata ki ƙirga kayan da suka rage a farashin sari, ki haɗa da kuɗin hannu da bashin da kike da yaƙinin za a biya, ki cire wanda ake bin ki. Abin da ya saura shi ne jarinki na gaskiya. Ki yi haka wata uku a jere ki sake rubuto min, ina so in ji abin da kika gano.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni na tara kuɗi na sayi mota ina haya da ita da kaina, duk wata bayan na cire mai da gyara ina samun kaman 190,000. Yayana yace wai ba riba nake ci ba motar nake ci, ni kuma ban gane ba tunda ga kuɗi ina gani. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Ƙaninka direba.

AMSA: Ƙanena, yayanka ya san abin da yake faɗa, ka riƙe shi da kyau. Ba ka faɗi nawa ka sayi motar ba, to bari in sa 6,000,000, mu ce za ta yi maka shekara 5 tana aiki sannan ka sayar da ita 1,500,000. Kenan 4,500,000 za su narke a shekara biyar, 900,000 duk shekara, 75,000 duk wata. Wannan kuɗin ba wanda zai miƙo maka rasit ɗinsa, ba kaman mai ba ne da kake biya kana gani, amma duk kilomitar da ka taka yana fita daga jikin inji da giya da bodi. Ni ina ce masa kuɗin tsufa. Duk mai sana'a da inji, ko keken ɗinki ne ko janareta ko kwamfuta, yana biyansa ko ya sani ko bai sani ba, wanda bai sani ba sai ranar da injin ya kwanta ya ga ba shi da na sayen wani.

Cire 75,000 daga 190,000, saura 115,000. Ba mu gama ba. Da motar wani kake ja nawa za a biya ka a wata? Mu ce 90,000. To wannan ladan guminka ne, ko ba ka da mota za ka same shi, don haka ba motar ce ta kawo ba. Abin da jarinka na 6,000,000 ya haifa shi ne 25,000 a wata, 300,000 a shekara, kashi 5 cikin 100 kenan. Masana tattalin arziki suna cewa tsadar kowane zaɓi shi ne abu mafi kyau da ka bari don ka yi shi, to sai ka tambayi kanka da ka sa miliyan shidan nan a wata sana'ar kana kuma ja wa wani mota, za ta ba ka fiye da kashi 5 ko ba za ta ba ka ba. Wataƙila amsar a'a ce, kuma zaman kanka da kake yi ba mai tsawata maka shima yana da daraja, ban raina shi ba, amma ka zaɓe shi da ido buɗe.

Abu ɗaya da ya fi damuna: in kaya suna tashi da kashi 15 cikin 100 duk shekara, motar 6,000,000 za ta koma wajen 12,000,000 nan da shekara biyar. Don haka 75,000 ɗin ma mafi ƙaranci ne, ka riƙa duba farashin irin motarka a kasuwa duk shekara kana ƙara abin da kake warewa, kuma ka ajiye shi inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba.

TAMBAYA: Malam ina ɗora ribar kashi 25 a kan kayana, sai na yi ragin kashi 20 don in jawo kwastoma da tunanin saura kashi 5 nawa. Kaya sun ƙare tas amma ban ga komai ba. Ya akayi haka? Wani ɗan'uwa.

AMSA: Ɗan'uwa, kashi 25 ɗin a kan kuɗin sari ka ɗora, kashi 20 ɗin kuma daga kuɗin sayarwa ka cire, uwayensu ba ɗaya ba ne. Ka saya 100 ka sa 125. Kashi 20 na 125 shi ne 25 cif, ka koma 100, ka yi dako kyauta har da cikon kuɗin haya daga aljihunka.

Ko ragin kashi 10 ka yi, kaya ya koma 112.5, ribar kowane ɗaya ta faɗo daga 25 zuwa 12.5, rabi kenan. In kuɗin da kake biya duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, irin su haya da albashi, sun kai 100,000, a da guda 4,000 za ka sayar ka tsaya ba riba ba faɗuwa, yanzu sai 8,000. Kafin ka sake yin ragi ka raba waɗancan kuɗin da ribar guda ɗaya, ka dubi lambar da ta fito ka ga ko kasuwarka za ta iya ɗauka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na fara haɗa wata 'yar masana'anta shekara uku da suka wuce, na kashe 3,000,000 har yanzu bata fara aiki ba, kuma ance sai na ƙara 2,000,000 kafin ta tashi. Akwai wanda ya taya injinan da sauran kayan 800,000. Matata tace in sayar in huta, ni kuma zuciyata ta kasa, ya zan yi in watsar da miliyan uku haka kawai, me mutane zasu ce? Ɗan'uwanka cikin damuwa.

AMSA: Allah ya yaye maka ɗan'uwa, na san irin nauyin nan, ba ya barin mutum barci. Abin da zan faɗa zai yi ɗaci da farko: miliyan ukun nan ka cire su daga lissafi gaba ɗaya. Ko ka ci gaba ko ka tsaya sun riga sun tafi, ba zaɓin da zai dawo da su, don haka ba su da ƙuri'a a shawarar yau. Abin da ke gabanka hanya biyu ce. Ka sayar yau ka karɓi 800,000, ko ka zuba 2,000,000 ka samu masana'anta mai aiki. Tambayar kawai ita ce mai aikin nan nawa za ta kai, ko dai in an sayar ko kuma in an tara ribar da za ta kawo.

In za ta kai 2,500,000, ka cire miliyan biyun da za ka ƙara saura 500,000, bai kai 800,000 ba, maganar maiɗakinka ta fito. In kuma za ta kai 3,500,000, saura 1,500,000, to ka ci gaba, duk da cewa jimilla ka kashe miliyan biyar a kan abin miliyan uku da rabi. Ka lura ban ce maka ka sayar ba, ban kuma ce kar ka sayar ba, lambar da za ta yanke hukuncin ba ka kawo min ita ba, kuma ita ya kamata ka shafe satin nan kana nema. Ka nemo wanda ya san harkar kuma ba shi da abin da zai ci a ciki, ba wanda zai sayar maka da sauran kayan ba, ba kuma mai tayin 800,000 ba. Miliyan biyun ma ka ƙara mata wani abu a lissafi, tunda aikin da ya wuce kasafinsa sau ɗaya yana iya sakewa.

Kar ka ga kaman kai kaɗai ne. Gwamnatocin Birtaniya da Faransa sun sa hannu a 1962 za su ƙera jirgin sama mai suna Concorde mai gudun da ya fi na sauti, kuɗin aikin ya yi ta ninkuwa ya wuce abin da aka tsara nesa ba kusa ba, amma aka ci gaba, ɗaya daga cikin dalilan shi ne an riga an kashe da yawa ga kuma kunyar janyewa. Ya fara ɗaukar fasinja a 1976, guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi jigila, a 2003 aka ajiye shi. Har yau a ajin tattalin arziki da sunan jirgin nan ake kiran wannan kuskuren. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa ƙarfi a zuciyar mutum, kuma wanda ya ga asara a gabansa yakan yarda ya ƙara shiga haɗari don kar ya amsa cewa ya yi ta. Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Kenan abin da kake ji halitta ce, ba rauni ba. Maganar me mutane za su ce kuwa, cikin masu cewar ba wanda zai tayaka biyan miliyan biyun in ranto ta ka yi, matarka ce za ta zauna da kai a ciki, ka zaunar da ita ku yi lissafin tare.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne na yi ritaya an bani kuɗin sallama. Tsoron asara ya sa na barsu a ajiye ban taɓa ba, wani yaro na kuma yace wai ajiyar ma asara ce. Ina neman ƙarin haske.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa a ci moriyar gumin da aka yi. Yaronku ya yi gaskiya, amma tsoron naku ma yana kan hanya.

Kuɗi ba lambar da ke jikinsa ba ce darajarsa, abin da zai iya saya ne. Akwai wata dabara mai sauƙi, ku raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, abin da ya fito shi ne kusan shekarun da kaya za su ninka kuɗinsu. In kashi 6 ne shekara 12, in 12 ne shekara 6, in 24 ne shekara 3 kacal kuɗinku ya koma rabin ƙarfinsa alhali ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba. Haka in an ce muku wani jari yana ba da kashi 10 a shekara, kaya kuma suna tashi da kashi 20, miliyan ɗayanku ta zama 1,100,000 amma abin da za ta saya bai wuce na wajen 917,000 na bara ba. Duk ribar da aka faɗa muku ku fara cire hauhawar farashi kafin ku yi murna. In abin ya yi ƙamari kuwa tarihi ya nuna inda yake kaiwa, a Jamus a watan Nuwamba 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak (kuɗin Jamus na lokacin) tiriliyan 4.2, Zimbabuwe kuma a 2009 ta fitar da takardar kuɗi ɗaya mai tiriliyan 100. Waɗanda suka fi shan wuya a irin wannan su ne masu ajiya da masu fansho.

Sai dai a shekarunku ba a gudun zaizayewa a faɗa rami, don matashi in ya faɗi yana da lokacin tashi. Abin da zan ce, ku ware na cefanen wata shida da na asibiti ku bar shi inda za ku ɗauka yau in an buƙata, wannan ko yana raguwa haƙuri za a yi, kuɗin kwanciyar hankali ne. Sauran ku rarraba shi a abubuwan da ba sa faɗuwa tare, wani a kadara mai kawo haya, wani a hannun jari ta hanyar kamfanin da hukumar ƙasarku ta yi wa rajista, wani a sana'ar da kuka fahimta da kanku. Shaguna uku masu sayar da kaya iri ɗaya ba rarrabawa ba ce, rana ɗaya za su yi kuka. Wannan tunanin wani masani Ba'amurke Harry Markowitz ya sa shi a lissafi a 1952, ya kuma ci Nobel a kansa a 1990. Kadara kuma ku tuna ba a sayar da ita da gaggawa sai da faɗuwa, kar duka ya tafi can. Kuma Baba dan Allah duk wanda za ku ba kuɗi ya juya, ko ɗan cikinku ne, a rubuta a sa shaidu, a faɗi yadda za a raba riba da wanda zai ɗauki asara in ta zo.

TAMBAYA: Malam wata ƙawata ta sani a wani tsari na intanet, kana sa kuɗi duk wata a baka kashi 30. Na sa 100,000 kuma wlh an biyani wata biyu a jere. Yanzu sunce in na kawo mutum uku za'a ƙara min, ina so in sa ƙannena da mamanmu amma gabana na ɗan faɗuwa. Ƙanwarka ɗaliba.

AMSA: Ƙanwata, wannan faɗuwar gaban ki saurare ta, kar ki sa mama, kar ki sa kowa. Bari mu bi lambar tasu mu gani. Kashi 30 duk wata in ana mayar da ribar ciki, 100,000 za ta zama kusan 2,330,000 a shekara ɗaya, a shekara biyu ta haura miliyan 54, a shekara uku ta wuce biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu. Wanda ke da sana'a irin wannan me zai yi da dubu ɗarin ɗaliba, bankunan duniya ne za su yi layi a ƙofarsa suna roƙo ya karɓi nasu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Biyan da aka yi miki ba hujja ba ce, shi ne ma ƙugiyar. Kin ba su 100,000 sun dawo miki da 60,000 a wata biyu, har yanzu 40,000 ɗinki na hannunsu, kuma abin da suka ba ki ko daga naki ne ko daga na wanda ya shigo bayanki. Shi ya sa suke matsa miki ki kawo mutum uku, tsarin ba ya haifar da komai, da sabbin shiga yake numfashi, ranar da suka ragu shafin zai rufe. Charles Ponzi ya yi haka a birnin Boston na Amurka a 1920, ya yi alƙawarin kashi 50 cikin kwana 45, na farko farko duk an biya su suka yi ta yaɗawa, a watan Agusta na shekarar abin ya rushe. A Albaniya a 1997 irin waɗannan tsare-tsaren da suka ruguje sun cinye ajiyar jama'a masu ɗimbin yawa har ƙasar ta faɗa rikici. Wani Ba'amurke kuma, Bernard Madoff, shi bai ma yi alƙawarin abu mai yawa ba, riba madaidaiciya yake nunawa wadda da wuya take yin ƙasa ko kasuwa ta faɗi, ya ruɗi manyan attajirai da bankuna shekara da shekaru, aka kama shi a Disamba 2008, abin da ke rubuce a takardun mutane ya kai wajen dala biliyan 65, a 2009 kotu ta yanke masa shekara 150. Kin ga ba rashin wayo ne ke sa a faɗa ba, don haka kar ki tsargu, ƙawarki ma mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta kawo ki.

Duk inda za ki sa kuɗi nan gaba ki tambaya me ake sayarwa, wa ke saya, daga ina ribar take fitowa, kuma wace hukuma ce ta ba su lasisi, ki je shafin hukumar da kanki ki duba sunan, kar ki yarda da hoton satifiket da aka turo a WhatsApp. Riba mai yawa tare take tafiya da haɗari mai yawa, wanda ya ce miki ga mai yawa kuma tabbas ba asara to ɗaya daga cikin biyun ƙarya ce.

Yau ɗin nan ki nemi cire uwar kuɗinki duka. In sun ce sai kin biya wani kuɗi kafin a sake miki, ko sai kin kawo mutum, kar ki ƙara ko sisi, wannan wata hanyar tatsa ce ta biyu. Ki adana rasit da hotunan duk hirar da kuka yi, ki kai ƙara wurin hukumar da ke kula da harkar zuba jari a inda kike, sannan ki kira ƙawar taki ki nuna mata lissafin shekara ukun nan kafin ita ma ta jawo nata 'yan'uwan.